Iskar Tulun Kadi

Kadi na tsaye a bayan bashe, buɗaɗɗiyar motar ɗaukar kaya, rungume da tulun ƙarfe da hannu biyu, gyalenta na neman barin kanta. Duk ramin da taya ta faɗa sai ta buga rufin motar da gwiwar hannu. Suna tsakiyar gada ke nan, raƙumi ɗauke da tabarmi na tafe a gabansu, ba ya sauri ba ya kaucewa, 'yan kabu-kabu kuma na ratsawa hagu da dama suna kallon matar da ta bar kujerar gaba ta zo tana rungumar ƙarfe cikin rana.

"Dusuma, Baba Zailani. Sannu-sannu."

Baba Zailani, direban cibiyar binciken da take aiki, ya leƙo ta taga ya shaida mata cewa in ya rage gudu fiye da haka, to sai dai ya kashe motar su tura. Amma ya rage ɗin. Tun daga filin jirgi yake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, bai kunna rediyo ba, bai zagi kowa ba, abin da waɗanda suka san shi a hanya ba za su yarda ba ko da an rantse musu.

Abin da ke cikin tulun heliyom ne, iskar da aka sanyaya har ta koma ruwa, ruwan da babu wanda ya kai shi sanyi a duniya. Aibinsa ɗaya, ba ya zama. Ko an lallaɓa shi ko an yi masa addu'a, kullum tafasa yake a hankali yana fita ta wani ɗan famfo a wuyan tulun. Tsohon malamin Kadi ne ya aiko mata shi daga Grenoble ta ƙasar Faransa, inda ta yi karatu, kuma ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa daga wannan babu wani, don shi ma ƙarshen shekara zai ajiye aiki. Babin ƙarshe na digirinta na dakta yana nan fayau, ba abin da zai cika shi sai awon da ba ya yiwuwa sai da wannan ruwan. Tulun kuwa da ya iso sai ya yi kwanaki a sito, yana jiran sa hannun wani mutum da ya tafi ta'aziyya ƙauye. Kadi ta rame a kwanakin nan. Tana kwance a gida, tana jin digirinta na tsiyayewa a ƙetaren kogi.

A filin jirgin aka yi kuskuren, kuma ba wanda ya san an yi shi. Suna cikin ɗaure tulun da igiya sai ya yi wani dogon huci, Baba Zailani ya ja da baya ya tambayi abin da ke ciki. Ita Kadi haifaffiyar Yamai ce. Zabarmanci ta sha a nono, Faransanci ta ci a makaranta, Hausarta kuwa ta kasuwa ce: ta isa a yi cinikin tumatir, ta isa a yi faɗa da mai taksi, amma ba ta san mace ba, kowa da komai a wurinta "shi" ne. Ta so ta ce gaz, sai ta tuna zai ɗauka na girki ne ya fara maganar gobara. Ta laluba ta kamo kalmar da ta fi kusa.

"Iska ne a ciki, Baba. Daga ƙasar Anasara aka kawo shi. Ba shi son a kwantar da shi, ba shi son a girgiza shi. In ka toshe mashi baki, shi yi fushi, shi fasa tulu, shi kashe mu duka."

Dattijon ya dube ta, ya dubi tulun. Shi mutumin Tasawa ne, ya tashi a unguwar da ake kaɗa garaya ana hawan bori, ya san abin da ake nufi in an ce iska na fushi. Ya tambaya a hankali ko ita ce ke kula da shi, ta ce ai shekara da shekaru tana aiki da irinsa a can, sun saba. Ya tambaya me yake ci. Ta yi dariya don ta ɗauka zolaya ce, ta ce ba ya cin komai, zafi ne kawai ba ya so. Daga nan ya ƙara igiya ɗaya, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya shiga mota.

Cibiyar na can wajen Lamorde, ɗakin gwajin Kadi kuma shi ne na ƙarshe, wanda kowa ke kira labo. Suka gangaro da tulun a kan katako, suka tura shi kan tayoyinsa har ciki. A tsakiyar ɗakin, bisa wani teburin ƙarfe mai nauyi, kiriyosta ke zaune, wato tukunyar sanyi, doguwa, mai ƙananan tagogin gilashi a gindi. Tun shekaranjiya Kadi ke shirya ta. Ta zuƙe iskar da ke tsakanin bangayenta da injin zuƙa, ta fara sanyaya ta da ruwan azot, ƙanen heliyom a sanyi, wanda ta roƙo a wurin da ake adana irin bijimai. Likitocin dabbobin sun ba ta, amma sai da suka tambaye ta shanu nawa gare ta.

A cikin tukunyar akwai ƙwayar dutse kore daga duwatsun Ayar, bai kai ƙwayar wake ba. Aikin shi ne a haska masa lazer ta taga, dutsen ya mayar da nasa hasken, wata na'ura ta tsefe hasken nan launi-launi ta zana shi a allon kwamfuta. In da zafi, duk abin da ke cikin dutsen rawa yake, zanen sai ya fito dunƙule kamar tozo. In sanyi ya kai digiri huɗu sama da inda sanyi ya ƙare, komai sai ya natsu. A lissafin Kadi, a nan ne wani siririn layi zai tsaya tsaf a tsakiyar tozon. Layin nan take jira tun tana da ƙiba.

Ɗura ruwan a tukunya aikin mutum biyu ne, don haka ta kira Oumarou, ma'aikacin labon, wanda shi kaɗai ta koya wa. Ya ɗauka yana haki, bayansa hayaniyar mata. Matarsa ta fara naƙuda tun asuba, suna matarnite, asibitin haihuwa, surukarsa kuma ta tsare ƙofa ta ce ko cibiyar ce ta kama da wuta ba inda za shi. Kadi ta yi addu'ar sauka lafiya da baki, a zuci kuwa tana tambayar jaririn abin da ya hana shi jira zuwa Litinin. Ran Asabar ne, ɗalibai na hutu, ofisoshi a rufe. Ta kira wasu mutum biyu, ɗaya yana biki a Dosso, ɗaya bai ɗauka ba.

Ta ɗauko ma'aunin ruwan, wani siririn bututu mai 'yar roba a kai kamar fatar ganga. Ta zura shi cikin tulun ta ɗora babban yatsa a kan robar. Haka ake yi: robar tana bugawa da sauri, in bakin bututun ya taɓa ruwa sai bugun ya sauya. Ta yi ta zurawa bai sauya ba, sai can ƙasa ya sauya. Abin da ya rage bai kai rabi ba. Zai yi ɗuri ɗaya in an yi yau, in an kai gobe kuwa sai yadda ta yiwu.

Baba Zailani na bakin ƙofa da mabuɗin mota a hannu, yana neman hanyar sallama. Murnar samun ruwan ta sa ta jawo shi.

"Taɓa ka ji, Baba. Shi yana nan, bai tafi duka ba."

Ya ɗora yatsa. Ya ji abu na bugawa, dam, dam, dam, kamar zuciya. Ya janye yatsan ya goge shi da rigarsa, ya ce Allah shi bar zumunci tsakaninsu, shi zai tafi.

Nan ta roƙe shi ya tsaya ya kama mata. Ya ce ta yi masa rai, mahaifinsa ya raba shi da wannan harka tun yana yaro, kuma shi mutum ne da ba ya rasa sahun farko a masallaci. Kadi ta ɗauka ƙunar sanyi yake tsoro, ta ce ai akwai safar hannu da gilashin fuska, in ya sa ba abin da zai taɓa shi. Ya tambaya, wai safar hannu ke tare shi? Ta ce ƙwarai. Ya girgiza kai ya ce lalle Anasara sun yi nisa. Duk da haka ya juya zai fita, sai ya ji shessheƙa a bayansa. Ya waiwaya ya ga mace mai karatu har ƙasar waje tana goge ido da bakin gyale. Ta ce in yau ta wuce, shekarunta sun tafi a banza. Shi kuwa uban 'ya'ya mata ne, kuka ba ya wuce shi.

"To, Madam. Amma ke za ki yi mishi magana. Ni ba ruwana da shi, hannu kawai na ba da aro."

Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ta sa shi ya mayar, ta ce shi ba ya son ƙafa tsirara. Ta buɗe tagogi duka da ƙofa, ta ce in ya cika ɗaki mutum faɗuwa yake bai sani ba. Baba Zailani ya ce ai haka suke. Ya sa safa, ya sa gilashi a kan hularsa da gemunsa, ya matsa gaban tulun ya yi masa sallama. Tulun ya yi huci, shi kuma ya karɓa a matsayin amsa.

Bututun ɗurin dogo ne mai ƙafa biyu, kamar an lanƙwasa shi gida biyu, ƙafa ɗaya ta shiga tulu, ɗaya ta shiga tukunya. Ba shi da ƙwari, in ya lanƙwashe ya mutu, kuma daga nan har bakin teku babu na biyunsa. Ta ɗora dattijon a kan benci ta ba shi ƙafar tulu, ita ta tsaya ɗaya gefen teburin da ƙafar tukunya. A wuyan tulun akwai dogon tiyo na roba, a ƙarshensa an ɗaura jar robar cikin ƙwallo, wadda ta saya wurin mai facin ƙwallo a kasuwa. Ko a Grenoble da ita ake yi: a matsa ta, ta tura ruwan ya hau bututu. Ta ba shi robar a ɗaya hannun. Ta ce zai sauke ƙafar bututun da ke hannunsa cikin tulu sannu-sannu, ita kuma ba za ta sa tata a tukunya ba sai ta ga farin harshe ya fito a bakin bututun, alamar ruwan ya iso. Abu ɗaya ta maimaita har ya gaji da ji, ko me ya faru kada ya saki.

Ya fara saukewa da bismillah. Tulun ya yi gurnani, robar ta kumbura a hannunsa, ya ce sannu, sannu, ba da mugun nufi ba. Kadi ta ce walla, haka, ya iya. Gaskiya kuwa ya iya, don ko Oumarou bai taɓa saukewa da irin wannan ladabi ba.

Sai dai farin harshe bai fito ba. Ta ce ya matsa robar, ya matsa. Hayaƙi kawai ke fita a bakin bututun, raɓe-raɓe. Ta san bututu mai ɗumi yakan ɗauki lokaci kafin ya yi sanyi, amma mai jiran abu ɗaya a duniya ba ya tuna abin da ya sani. Ta yi tsaki ta ce, ba da shi take ba, ko dai ya toshe ne.

Ashe ta taɓo inda dattijo ya ƙware. Shekarunsa a tuƙi sun fi shekarunta a duniya, kuma tun yana yaron mota ya san maganin tiyon da ya toshe. Kafin ta ɗago kai ya ture gilashin fuskarsa, ya fizge robar da haƙori, ya kafa tiyon a baki kamar mai jawo esansi, wato fetur, daga tanki. Bai ma buƙaci zuƙa ba, tiyon da kansa ya cika masa ƙirji. Ya tofar da shi, tiyon ya yi tsalle ya faɗa kan tebur yana huci, dattijo ya buɗe baki.

"Madam, ba toshewa ya yi ba, ga shi yana..."

Ya tsaya. Muryar da ta fito daga cikin farin gemun nan ba tasa ba ce. Wata 'yar siririya ce, tsiwit-tsiwit, kamar ta ɗan tsako. Ya gwada a'uzu billahi, ita ma da muryar tsakon ta fito. Kadi ta yi abin da bai kamata ba, ta fashe da dariya. Ta so ta danne ta kasa, ga hannu ɗaya a kan bututu, ga hawaye, ga heliyom na fita ta tiyo kamar ba ita ta rame dominsa ba. Da ƙyar ta samu numfashin kwantar masa da hankali.

"Kada ka ji tsoro, Baba. Iska ne kawai ya shige ka. Yanzu shi fita."

Da ta san Hausa da ba ta zuba wannan fetur a wuta ba. Ƙafafun dattijo suka soma rawa, bencin ya ɗauka, bututun ya fara karkacewa tsakaninsu. Muryarsa ta dawo, amma ba ta dawo da hankalinsa ba.

"Madam, ki yahe mini. Ni zan saki. Ina da iyali."

Sai a lokacin ta dubi fuskarsa sosai, dariyar ta yanke. Ta san wannan kallon. Ta gan shi tana ƙarama a fuskokin mutane, a gidan maƙwabtan kakarta, ranar da ake kaɗa goge wasu suna faɗuwa suna magana da muryar da ba tasu ba. A Zabarmanci wannan abin sunansa daban, iskar da ke kaɗawa sunanta daban. Duk rayuwarta tana jin Hausawa na cewa iskoki, bai taɓa zuwa mata a rai cewa kalmar na da tilo ba. Maganganunta tun daga filin jirgi suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya: ba shi son a girgiza shi, shi yi fushi, mun saba, taɓa ka ji.

Ba lokacin bayani, ba kuma Hausar yin sa. Ta ga abin da ya rage shi ne ta nuna masa da kanta cewa ba komai ba ne. Ta cafko tiyon da hannunta na hagu ta shaƙa, abin da malaminta zai kore ta daga labo in ya gani. Niyyarta ta ce, duba, ni ma ga shi. Amma tana ɗagowa ta ga yatsunsa na buɗewa a kan bututu, sai abin da ke ranta ya riga ta fita, da 'yar siririyar muryar nan.

"Kada ka saki."

Baba Zailani ya ƙame. Rawar ƙafa ta tsaya cak, yatsu suka damƙe bututun.

"Ranki shi daɗe, na riƙe," in ji shi, idonsa a ƙasa. Sannan ya ƙara, can ƙasa-ƙasa, "Ashe ma mace ce, Madam na ta ce mata shi."

Nan ne ya kamata Kadi ta faɗi gaskiya. Ta san haka, kunya ta kama ta har cikin ƙashi. Amma ruwan na tafiya, kuma ga sauran numfashi a ƙirjinta. Ta kashe shi duka a kan umarni: ya karɓi tiyo, ya mayar da robar, ya matsa a hankali, kada ya motsa sai an ce ya motsa. Muryar na saukowa tana kauri har ta koma tata, kanta na ɗan juyawa. Dattijo ya yi komai yadda aka ce, da hannu ɗaya, ba kuskure, yana ta amsa to, to, an gama.

Ba a jima ba farin harshe ya fito a bakin bututun, tsini gare shi kamar wutar mai walda, sai dai fari sol. Suka sauke ƙafafun biyu tare. Lambobin da ke nuna sanyin tukunya suka fara gangarowa, da farko da gudu, daga baya da jan ƙafa, har suka tsaya a huɗu. Suka zare bututun lafiya suka rataye shi. Baba Zailani ya cire safa ya ajiye da hannu biyu, ya fita da baya, ya tafi gindin bishiyar dogon yaro ya yi alwala tun lokacin salla bai yi ba.

Kadi ta ja labule ta kunna lazer. Na'urar ta fara tafiyarta ta hawainiya, zanen na fitowa daga hagu. Tozon ya fito, amma ya rame. Ta kama bakin tebur. Daidai inda lissafinta ya ce, zanen ya miƙe sama, ya sauko nan take, siriri kamar allura. Ta sake awon, ya sake tsayawa a wurin. Ta sauya ƙarfin lazer, bai gusa ba. Ta kira sunan uwarta da Zabarmanci, ta ɗauki hoton allon ta aika Grenoble, ta adana aikin a duk inda za a iya adanawa. Farin ciki ya kama ta, ta zauna a ƙasa ta jingina da tulun tana dariya ita kaɗai.

A haka ya same ta bayan la'asar. Ya yi sallama ya shigo, bai nemi kujera ba, ya durƙusa a gaban tulun. Ya yi ta juya hularsa a hannu kafin ya yi magana. Ya ce ya san ba a damun su a kan abin banza, shi ma ba dukiya yake nema ba, ba kuma maganin maƙiya ba. In Madam za ta iya roƙonta ta sake sauka sau ɗaya, tambaya ɗaya gare shi. Autansa, Huzaifa, ya tafi haƙar zinariya can Jado. Da yana kira duk Juma'a, tun daminar bara kiran ya yanke. Waɗanda suka dawo kowa da abin da yake faɗa. Uwarsa ta ɗaure waya a bakin zane, ko wanka za ta shiga da ita take shiga, abinci kuwa sai an yi faɗa.

"Ki tambaye ta kawai, shina raye? Ko mi ta ce, na ɗauka."

Daɗin da ke ran Kadi ya tafi gaba ɗaya. Tiyon na nan rataye kusa da kanta, miƙa hannu kawai za ta yi. Ta dube shi, ta dubi dattijon da ya ba ta aron hannu yana ganin ransa ya ba da. Ta gyara zama ta fuskance shi, ta fara bayani da Hausarta ta kasuwa, tana cikawa da Zabarmanci da hannu. Ta ce iska ce irin ta cikin taya, irin wadda ke kaɗa ganye, ba ta da suna, ba ta da ji. Ta fi tamu rashin nauyi ne kawai, shi ya sa duk wanda ya shaƙa muryarsa ke sirancewa.

"Ni ne na yi magana ɗazu, Baba. Ba wani. Ni ne na ce kada ka saki, don aiki na. Ka yafe mani."

Ta cire robar, ta toshe bakinta da yatsa ta miƙa masa, ta ce ya shaƙa kaɗan ya faɗi abin da shi da kansa ya zaɓa, ya ga ko wani zai sauya masa magana. Ya daɗe yana kallon robar. Sannan ya yi bismillah ya shaƙa.

"Zailani," in ji ɗan tsakon, "ka tsuhwa kana yi wa tulu sallama."

Dariya ta ƙwace masa, ita ma ta ƙwace mata. Suka yi ta yi, yana buga cinya yana maimaita ranki shi daɗe, har ya kai hula ido. Dariyar ta ƙare, idon bai daina ba. Kadi ta kawar da kai ta ba shi wuri.

Da ya natsu sai ya juya robar a hannunsa, ya tambaye ta tsawon lokacin da iskar ke zama a ciki. Ta ce ba ta kwana, sulalewa take ta jikin robar. Ya tambaya ko za ta kai Talaje, unguwarsu, in ba a samu cunkoso a gada ba. Ta ce za ta kai, sannan ta gane abin da yake nufi, ta ɗago ta dube shi.

"Uwar Huzaifa ba ta san labo ba," in ji shi. "Muryata ta sani tun tana amarya. Wagga ba ta san ta ba."

Kadi ta buɗe baki za ta ce bai dace ba, ta tarar ba ta da bakin faɗa. Ita da safiyar nan ta yi haka saboda layi a allon kwamfuta. Ta tashi ta mayar da robar a bakin tiyo, ta buɗe famfon tulun da hannunta, ta bar heliyom ɗin da ta rame dominsa ya shiga har robar ta yi tam. Ta ɗaure bakin da zare ta yi masa ƙulli mai sauƙin kwancewa. Ya karɓa ya sa ƙarƙashin babbar rigarsa, ya tashi.

"A zaune za ka yi, Baba," ta ce masa a bakin ƙofa. "Kuma shaƙa ɗaya, ba biyu ba. Biyu shi ka da mutum."

"Ɗaya ta isa, ɗiyata," in ji shi, yana laluben mabuɗin mota. "Maganar ba ta da tsawo."